Tsadar fili a Gombe ba ita ce ci gaba ba

Shekara 11 ke nan ina aiki a Abuja, amma a Masaka nake kwana, cikin jihar Nasarawa. Da an sallame sallar asuba nake kama hanya, domin in na makara cunkoson Mararaba da Nyanya sai ya cinye mini awa biyu. Motar da muke shiga cike take da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu gadi da ƙananan 'yan sanda, mutanen da in ba su birnin ba zai motsa ba. Mu wuce ta gefen Asokoro muna hango manyan gidaje a kulle, wasu ba kowa ciki sai mai gadi.

Da Babbar Sallah na je gida Gombe. Duk majalisar da na zauna hirar fili ake yi: wane ya sayi fuloti a Tumfure ya ninka kuɗinsa, wane ya kama guda biyar a hanyar Bauchi ya zagaye da katanga. Ana faɗa ana murna, wai gari ya ci gaba. Ni kuwa gabana faɗuwa ya yi, don na san inda wannan hanyar take kai mutane.

Garin ya bunƙasa, wannan ba musu. Tun da aka cire jihar daga Bauchi a 1996 ma'aikata suka fara tururuwa. Jami'ar jiha ta zo a 2004, ta tarayya da ke Kashere a 2011. Sannan rikicin Boko Haram ya koro 'yan'uwanmu daga Borno da Yobe da Adamawa, wasu da jarinsu, wasu da kayan jikinsu kawai, Gombe ta karɓe su. Alheri ne. Sai dai jama'a sun ƙaru, ɗakunan kwana ba su ƙaru daidai da su ba, ribar bunƙasar kuma ta tafi aljihun wanda ya riga ya mallaki ƙasa.

Ƙanena malamin firamare ne. An sa masa rana, ya yi wata huɗu yana bin dillalai neman ciki da falo. Duk inda ya samu a Jekadafari ko Pantami, kuɗin shekara ake so a dunƙule, ga la'ada a kai. Ya ce mini, "Yaya, ko na tara albashina na wata biyar ban ci ko ƙwayar hatsi ba, da ƙyar ya kai." Mutum ne mai aikin gwamnati, wanda ake ganin ya samu. To ina ga ɗan acaba, ko birkilan da ke ɗora bulo a gidajen GRA?

Masu murnar tsadar fili ba sa lissafin abin da garin ke asara. Miliyoyin da aka binne a kangon fili ba su ɗauki yaro ko ɗaya aiki ba. Da injin casar shinkafa aka kafa da su, ko na matsar man gyaɗa, da gidaje da yawa sun ci abinci. Tela ko mai shago da haya ta cinye masa rabin riba ba zai ƙara keke ko ya ɗauki yaron shago ba. Magidancin da ya zuba komai a hannun mai gida ba shi da abin kaiwa kasuwa, sai ciniki ya ja baya ga kowa, har da attajirin da ke ganin abin bai shafe shi ba. Haka nake gani a Abuja kullum: ma'aikaci ya iso ofis a gajiye, kuɗin mota ya raba shi da albashi, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Gombe kuma tana da wata matsala da Abuja ba ta da irinta, wato zaizayar ƙasa. Wanda tsada ta kora ba ya samun wuri sai bakin kwari, inda fili ke da araha domin kowa ya san ruwa na iya cinye shi. Nan talaka ke gini, ba titi, ba magudana, ruwan sha sai na 'yan ga-ruwa, wanda ya fi na famfo tsada. Ginin ma ya gagara: a jiharmu ake yin siminti, a Ashaka, amma a farkon 2024 buhu ya haura naira dubu 10 a wurare da dama na ƙasar nan.

Dokar mallakar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka gwamnatin jiha tana da ikon gyara. Hukumar GOGIS da aka kafa don tsara takardun filaye tana iya sanin wanda ya riƙe fuloti shekara da shekaru bai ɗora ko bulo ɗaya ba. A sa wa irin wannan fili haraji mai nauyi har ya gina ko ya sayar. Sabon yanki kuma a kai masa titi da ruwa kafin a raba, a yanka ƙananan filaye da malami zai iya biya kaɗan-kaɗan daga albashi. Rukunin gidaje masu ɗaki uku da huɗu ba su ne buƙatar yawancin mutane ba. Ciki da falo suke nema, kusa da wurin aiki.

An fara gina yankin masana'antu a Dadin Kowa, an kuma ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a 2022. In Allah Ya sa suka kankama, ma'aikata za su zo, kuma ina so in ji an fara maganar inda za su kwana tun kafin dillalai su riga kowa.

Ƙanena dai ya samu ɗaki a bayan gari, taku kaɗan daga bakin kwari. An ɗaura aure, amarya ta tare. Duk daren da na ji an yi ruwa mai ƙarfi a Gombe, sai na kira shi kafin in kama hanyar Nyanya.