Motocin da ke kawo waken soya Kumasi su koma da kashin kaji

Wanda ya saba da unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi ya san buhunan waken soya da ake saukewa daga Tamale, Yendi da Wa. Mafi yawansa cikin kaji yake ƙarewa. Kashin kajin ya taru tsibi-tsibi a kewayen Kumasi, gonar da ta ba da waken kuwa tana can tana ramewa.

Daminar da ta wuce ƙanena da ke noma a wajen Yendi ya turo mini hoto: wake ya bushe a tsaye, gindinsa fari kamar an naɗa auduga, ga ƙananan ƙwayoyi ruwan kasa kamar gero. Ya ce, "Yaya, me zan fesa?" Na ce masa feshi ba zai kai wurin ba. Fumfunar Sclerotium ce, a ƙasa take zaune, ƙwayoyin nan kuma sukan yi shekaru suna jiran shuka.

Abin da ke cin ta 'yar'uwarta ce, wata koriyar fumfuna mai suna Trichoderma. Takan nannaɗe muguwar, ta narkar da bangonta, ta riga ta kama wuri a saiwa. Ana cuɗa ta da iri kafin shuka. Sai dai rai gare ta. Zafin shago yana kashe ta, maganin fumfuna da ake shafa wa iri ma yakan iya, a faƙo kuma yunwa za ta gama da ita. Shi ya sa nake ganin taki ne farko: kashin kaji da ya ruɓe sosai, ba ɗanye mai ƙona tsiro ba, a haɗa da gawayin ɓuntun shinkafa.

Kada kuma a yaudari manomi. Cutar tsatsar ganye iska ke kawo ta, wannan haɗi ba zai tare ta ba.

Za a ce taki nauyi gare shi, kuɗin mota zai cinye ribar. Na yarda, in ɗanye ne. A ruɓar da shi a nan, a busar, a ɗura a buhu. Masana na kusa: cibiyar binciken ƙasar noma tana Kwadaso, ta amfanin gona tana Fumesua, duk a kewayen Kumasi; motar da ta sauke wake kuma ko ta samu kaya ko ba ta samu ba, Tamale za ta koma. Dillalanmu na Zango da suka san direba suka san manomi, su ya kamata su fara ɗora buhu goma su gani.