Ciki ba kwata ba ne, jama'a

Wato yanzu mutumin nan na bakin titin jirgi a Agege ya zama farfesa ke nan? Kun dai ga bidiyon, ba zan sake ɗora shi in ƙara masa kasuwa ba. Lasifika a hannun dama, wata takarda da ya buga daga intanet a hannun hagu, wai Turawa sun gano ƙwayoyin hanji suna fesa guba cikin jini, don haka kowa ya sayi gorarsa ta wankin ciki ya gama da su. Naira 5,000. Kawuna mai sayar da albasa a Mile 12 ya saya, ya sha kofi biyu, ya kwana yana zarya tsakanin tabarma da bayi, sai da aka ƙara masa ruwa leda uku. Na same shi ido ya faɗa, leɓe ya bushe, amma buɗar bakinsa sai ya ce, "Ai dattin ne ke fita, ɗana." Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka lafiya, ruwan jikinka ne ke fita."

Ciki ba kwata ba ne da za a watsa masa ruwa a bi da tsintsiya.

Abin da ya fi ƙona min rai, takardar da yake ɗagawa tana da ƙanshin gaskiya, shi ne ya murɗe ta. Jikin babban mutum yana ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Kuma e, suna sakin wasu 'yan ƙulle-ƙulle daga fatarsu, kamar ƙullin gishiri a leda, masu girman nanomita 20 zuwa 300. Sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi. A ciki akwai furotin, da sinadaran narkar da abinci, da gutsattsarin ƙwayoyin gado. Duk wanda ya taɓa kai saƙo tashar motar Kano ya gane zancen: mai saƙo yana nan Legas bai gusa ba, kayansa sun isa hannun mai su. Bakteriyar tana zaune a bayan majinar da ta lulluɓe bangon hanji, ƙullinta ne ke ratsawa ya isa ga bangon da sojojin garkuwar jiki.

To saƙo kuwa ai ba duka ne na sharri ba! Akwai wata bakteriya, Bacteroides fragilis. A 2012 ɗakin binciken Sarkis Mazmanian a jami'ar Caltech ta Amurka ya nuna ƙullinta yana ɗauke da wani nau'in sukari da ke sa garkuwar jiki ta sassauto, ya kuma kare ɓeraye daga kumburin hanji. Akwai Akkermansia muciniphila da aka gano a Holan a 2004, wadda abincinta ma majinar hanjin ce, amma ƙullinta yana ƙara ɗinke bangon ya rage yoyo. Su ne farfesan bakin titi yake cewa a kashe. Kuma Flagyl ɗin da muke haɗiya kamar gyaɗa da zarar ciki ya yi ƙugi, irin su Bacteroides yake fara kwasa.

Na sharrin ma akwai su, ban ɓoye ba. Tun 1967 wasu masana biyu a Indiya, Chatterjee da Das, suka hango irin ƙullin nan yana fita daga jikin ƙwayar kwalara, wadda ta addabe mu a nan Legas a 2024. Amma ku saurara da kyau. Binciken da aka yi a Ghent ta Beljiyam, aka wallafa a 2020, ya sami ƙulle-ƙullen bakteriya da yawa a jinin mutanen da bangon hanjinsu ya raunana, irin masu ciwon kumburin hanji da waɗanda maganin ciwon daji ya ɗaye wa hanji. Ashe katangar ce ke tare gubar. Kai kuma ka zo da gora kana tsuga wa mutum gudawar da ke kwashe majina da masu gadin duka, kana kiran wannan wanki. Ka rushe katangar gida don ka kori ɓarawo. Sannu da ƙoƙari.

Na san masu zuwa. "Ai duk a ɓeraye aka gwada." Yawanci haka ne, to shi mai gorar a jikin wa ya gwada, in ba Kawu ba? "Ai kakanninmu sun sha." Kakanninmu gero suka sha, da dawa da wake da kuka da zogale, abincin da ƙwayoyin nan ke rayuwa a kai. Ba su sha wani baƙin ruwa a tsohuwar gorar lemo mara lambar NAFDAC ba. Masu cewa hassada nake yi kuwa, Allah ya ba ku haƙuri, ba ni da shagon magani.

Wallahi ba don raini nake wannan magana ba. Mutanenmu a garin nan wahala suke sha, daga asuba har dare a kasuwa, kuɗin asibiti ya gagara, layi ya yi tsawo, duk wanda ya zo da alkawarin sauƙi sai a bi shi. Na ga hannun Kawu yana rawa yana ƙoƙarin riƙe kofin shayi, mutumin da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai. Da abin ya faɗa kan jikarsa 'yar shekara 3, da yanzu wani zancen ake. Ciki ba kwata ba ne, ku daina wanke shi.

Af, tunda an zo maganar ciki, wa ya san inda ake samun kindirmo na gaskiya tsakanin Agege da Idi-Araba? Wanda na sayo wa Kawu jiya madarar gari ce aka dama ta kwana, ko tsamin kirki babu, kuma ƙaramar roba har Naira 1,500, ina tayawa yarinyar tana harara ta.