Mangwaro ba dutse ba ne, ku daina hawa kansa

Ranar kasuwar da ta wuce, a tashar wani ƙauye kan hanyar Tudun Wada, an ci mutuncin wani dattijo a gaban jama'a. Laifinsa kawai ya kawo mangwaronsa cikin kiret ɗin roba guda 12 da ya aro, maimakon buhu.

Ɗan kamasho ya dubi kayan sama da ƙasa, ya taɓe baki.

"Tsoho, wannan kuma ƙwai ne?"

"Binta suga ce, ɗana. Don Allah a jera min su gefe guda, kada a ɗora musu kaya."

"Kuɗin kiret ɗaya, kuɗin buhu ɗaya."

"Haba ɗana, ai sai ka juye kiret uku kafin buhu ya cika."

"To juye mana! Motar kaya ce, ba motar asibiti ba. In gata kake so, ɗauki shata."

Ya faɗi haka yana sakace, ko kallon mutumin da a haife ya haife shi bai yi ba. Dattijo ya lissafa kuɗin aljihunsa, ya sunkuya ya juye a buhunan taki huɗu. Yaran mota suka ɗinke baki, suka cilla ciki tim, suka bi da buhunan masara, fasinja suka hau suka miƙe ƙafa. Sannu injiniyan lodi! Allah ya ƙara basira.

Duk mai lambu ya san abin da zai faru kafin motar ta isa kasuwar 'Yan Lemo da ke Kano. Mangwaro ko an tsinke shi yana numfashi, yana fitar da zafi da wata iska mai hanzarta nuna. Buhun taki ba ya shan iska, ga ranar Afrilu da ke haura digiri 40, sai cikin buhun ya koma tukunyar turara. Na ƙasa ya fashe, ruwansa ya jiƙa na sama. Wanda ya bugu kuma munafuki ne: yau fatarsa lafiya lau, jibi ka yanka ka tarar cikin ya yi baƙi yana tsami. Ɗaya ya ruɓe, ya ja goma. Kayan da ya kamata su yi mako guda a hannun mai tireda, kwana uku sun gama.

Alhali aikin ba wani asiri ba ne. A tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, da hannu ko da gora mai jaka a baki, ba a kakkaɓe da sanda ya faɗo ƙasa ba. A bar masa ɗan guntun reshe a kai kamar gaɓar yatsa, in za a datse a kife shi ƙaron ya tsiyaye, domin ƙaron nan shi ke ƙona fata ya bar baƙin zane, dillali ya samu abin karya farashi. A aje a inuwa. A ware mai tabo da wanda ya fara laushi. Sannan a zuba a kiret mai ramuka, kilo 20 zuwa 25, kada a cika shi ya yi tozo, saboda in an jera, bakin kiret ne zai ɗauki nauyi, ba mangwaron ba. Wanda sai kwando gare shi, ya shimfiɗa takarda ko busasshiyar ciyawa, don tsinken kwando wuƙa ne. Masu tumatir na Kadawa da Kwanar Gafan sun fi kowa sanin wannan, su da kayansu ke yin doguwar tafiya zuwa Legas, kwando kan kwando, ruwa na ɗiga a titi.

To amma wa zai yi daidai alhali tasha tana cin tarar mai yin daidai? Tunda kuɗin mota da kai ake ƙirgawa ba da nauyi ba, dole talaka ya danna har buhu ya yi ƙara. In ma ya dage ya tafi da kiret, dawo da shi fanko wani kuɗin ne.

Su kuma masu mulki, kowace shekara taro a otal kan "rage asarar amfanin gona", a sha lemo, a ɗauki hoto da kiret sabo fil, a watse. Mai karɓar haraji bai taɓa makara a tasha ba, amma rumfar inuwa ɗaya ta gagara. Ɗakin sanyi mai digiri 12 ko 13 zai riƙe ɗanyen mangwaro mako biyu zuwa uku, sai dai da wace wutar? Hanya kuwa, kowane rami sai ya karɓi zakkarsa a cikin buhu. Mu ma ba mu tsira ba: a kasuwa mu latsa wannan mu latsa wancan da babban yatsa, mu ajiye, mu ce kayan bana ba kyau.

Dattijon nan dai ya ɗaure kiret 12 fanko a bayan mashin ɗin jikansa, aka mayar wa mai su, shi kuma ya hau motar ya zauna kan buhun masarar da ke danne da nasa.