Tsohon da ya kai ƙahonsa situdiyon yara

Masu sharhin kiɗan jaz ba sa ga maciji da Doo-Bop, kundin ƙarshe da Miles Davis, shahararren mai busa ƙaho ɗan Amurka, ya yi a situdiyo. Ni ma ba zan ce shi ne gwanin ayyukansa ba. Wanda ya yi kundin Kind of Blue a 1959 ai ya gama magana. Amma duk mai haɗa kiɗa a Bauchin nan, daga Yelwa har Wunti, ya kamata ya zauna ya saurare shi da kunnen basira.

A 1991 Miles yana da shekara 65, jiki ya fara ƙi. Da ya ga dama sai ya yi ta maimaita tsofaffin kiɗe-kiɗensa yana kwasar kuɗi. Sai ya nemo wani matashi ɗan hip-hop daga Brooklyn, Easy Mo Bee, wanda a lokacin bai yi wani suna ba. Yaron ya yanko gutsattsarin kiɗa daga tsofaffin faya-fayai, ya ɗora ganga mai nauyi, tsohon ya hau kai da ƙahonsa. Waƙoƙi shida suka gama, ajalin Miles ya sauka a watan Satumba. Sauran da busar da Miles ya taɓa ɗauka a baya aka ƙarasa su. Kundin ya fito a 1992, har ya ci lambar yabo ta Grammy. Zamanin acid jazz ke nan, salon da ya taso a gidajen rawa na Landan, inda ake gauraya jaz da kiɗan rausaya.

Gambarar da ke cikin kundin kam, gaskiya bambaɗanci ce zalla: Miles kaza, Miles kaza. Maroƙin ƙofar fada ya fi su iya kirari nesa ba kusa ba. Amma ku saurari busar. Yakan toshe bakin ƙahon da murfi, sautin ya fito siriri kamar mai magana ta hanci. Ya busa kaɗan, ya yi shiru, ya bar gangar ta yi gaba, sannan ya faɗo inda ba ka zata ba. Na'ura ba ta san wannan jinkirin ba.

To mu fa? Shiga situdiyo ka ce kana son algaita a waƙarka. Yaro zai latsa fiyano, wani abu mai ƙara ya fito, ya ce maka "ga ta nan, oga". Alhali mai algaitar yana nan cikin gari da ransa. Ranar hawan Sallah za ka gan shi bayan dawakin Sarki, kumatu sun kumbura, yana jan iska ta hanci, sautin bai yanke ba ko sau ɗaya. Shekaru ya yi yana koyon wannan wurin ubansa.

Na san abin da za a ce: algaita ba ta hawa daidai da sautin fiyano, tsoho kuma ba ya bin lissafin kwamfuta. Haka ne. To a fara ɗaukar busarsa mana, sannan a gina gangar a kanta. Wasu kuma kuɗi ne kukansu, alhali abin da ake kashewa wajen hayar mota don bidiyo ya isa a sallami mai busa da mai kalangu har su yi godiya.

Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, ga shi Jos ɗin nan kusa da mu. Yanzu sai dai a yanko kuntiginsa daga tsohon kaset. Masu goge da gurmi da algaita da suka rage a Bauchi da Gombe ba yara ba ne. Wanda zai kira ɗaya daga cikinsu, don Allah ya biya shi kafin a kunna makirufo, kuma ya rubuta sunansa a jikin waƙar kusa da nasa.