A rubuta lissafin masaƙan Gombe tun suna raye

Akwai wani luru da kakata ta bari, mai ratsin baƙi da fari, gefensa duk ya zare. Bara na kai shi wurin wani dattijo masaƙi a tsohon garin Gombe, ko zai saƙa mini irinsa. Bai ko dubi hoton da na nuna masa a waya ba. Shimfiɗa lurun ya yi a cinyarsa, ya sa farce yana ƙirga zare, leɓensa na motsi. Da ya gama ya ce, "Yaro, wannan tun a wadari ake gama shi," wato tun wurin jera zaren a kan turaka kafin a fara saƙa. Na ce, "Baba, wa ka koya wa lissafin?" Ya yi shiru. 'Ya'yansa duk suna acaɓa.

Abin da masu tattara kayan tarihi suke yawan tsallakewa ke nan. Adon saƙa lissafi ne: fari nawa, mai rinin baba nawa, a wane jeri za a ja su kafin a zura a allera da matsefi (kayan saƙa da zaren ke ratsawa ta cikinsu), sannan yadda za a haɗa ƙwarya da ƙwarya, wato siraran ƙyallayen da aka saƙa, ratsin ya dace. Saƙi, barage, tsamiya, kowanne da ƙidayarsa, kuma a ka take zaune. Tufa a cikin gilashi tana burge mai kallo, amma almajirin saƙa ba zai tashi da komai daga gare ta ba.

Don haka ina ganin aikin na jami'o'inmu ne, ta Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, kuma bai fi ƙarfinsu ba. Kowane ado a yanko ƙyallensa, a rubuta sunansa yadda masaƙin ya faɗa, da Hausa ko Fulatanci ko Waja, a rubuta ƙidayar zaren, a ɗauki bidiyon wadari daga turken farko har ƙarshe. A tura ɗalibai mata, domin saƙar mata mai faɗi a cikin gida ake yin ta, inda namiji ba ya shiga, shi ya sa ta fi saurin ɓacewa ba a sani ba.

Wasu za su ce atamfa da shadda sun riga sun cinye kasuwa, me rubutu zai gyara? Gaskiya ne, rubutu ba zai sayar da gwado ba. Amma a 2024 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa saƙar kente ta Ghana cikin jerin al'adun duniya, shekarar da hawan sallar Kano ya shiga, kuma ba a kai irin wannan buƙata sai da bayanai a rubuce.

Sharaɗi ɗaya nake da shi, kuma ba na sassautawa a kansa: sunan masaƙi da garinsu su bi kowane ado, a biya shi ladan zamansa, a bar kwafi a hannun sarkin masaƙa. Dattijon nan ya saƙa mini lurun cikin mako uku. Ƙidayar tana nan a bayan wani littafina, yadda ya yi mini shifta.