Idan ruwa ya shigo da tsakar dare, wa zai ɗauko tsohuwar da ba ta iya tashi?

Duk shekara idan damina ta kawo kai, magana ɗaya ake yi a Accra: a yashe kwatoci, a kwashe yashin kogin Odaw, a daina zuba shara a gota. Ban musa ba. Duk wanda ya ga babbar gotar Nima bayan ruwan dare ya san yadda ledoji da robobi ke toshe ta har ruwa ya juyo ɗakunan mutane. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba a tarukanmu na unguwa. Idan ruwa ya ɓalle ƙarfe biyun dare, wuta ta ɗauke, wa zai nufi ɗakin dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye? Wa ya san gidan da mai jego take ita kaɗai, mijinta yana gadi a wani wuri?

Ranar 3 ga Yuni, 2015 ba ta fita daga ran mutanen garin nan ba. Ruwa ya cika unguwar Circle da ke tsakiyar Accra, jama'a suka fake a gidan man GOIL, mai ya bi saman ruwa, wuta ta kama, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Kafin watan ya ƙare aka shiga unguwar Old Fadama da motocin rusau don a buɗe wa ruwa hanya zuwa tafkin Korle, dubban mutane suka wayi gari a fili, ga damina, ga azumi. An yi tunanin hanyar ruwa, ba a yi tunanin inda 'yan matan kayayei, masu dako da suka zo daga arewacin Ghana, za su kwana da goyonsu ba. Wannan ne abin da ke ci mini rai har yau.

Hukumar agajin gaggawa ta NADMO tana nan tun 1996, tana kawo katifu da shinkafa da gidan sauro, kuma mai buƙata yana godiya. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin magance ambaliya a yankin Odaw, Nima da Alajo suna ciki. Madalla. Sai dai jami'in da ya zo da takarda washegari bai san lungunanmu ba, wasu ma motar asibiti ba ta iya shigarsu. Mu ne muka san su. Ladan ya san wanda ya kwana biyu bai zo Asuba ba. Mai koko ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Ku duba yadda muke yi idan an yi rasuwa a zango. Kafin Azahar an sami likkafani, an haƙa kabari, an kafa rumfa, mata sun ɗora girki, ba wanda ya jira umarnin hukuma. Mutanen da suka iya wannan ba za su kasa tsara yadda za a fito da masu rai ba.

Kuma wahalar gaske tana farawa ne bayan ruwa ya janye, masu kyamara sun tafi. Maganin hawan jini da na suga ya jiƙe. Katin inshorar lafiya na NHIS da katin ɗan ƙasa na Ghana Card sun bi ruwa, kuma tsoho ba zai iya tsayuwa layi don a sake masa ba. Mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta rasa buhun shinkafarta da gawayinta, ga zubin susu, wato adashe, yana jiranta. Ruwan gota ya gauraya da na sha, yara sun fara gudawa. Waɗanda suka ga kwalarar 2014 a garin nan sun san inda hakan ke kaiwa. Akwai yaran da ko hadari ya haɗu sai jikinsu ya hau rawa. Duk wannan nauyin a kan mata yake sauka: su ne ke kwasar laka, su wanke, su shanya, su yi jinya, sannan su fita neman na cefane. Idan an zo rabon tallafi kuma sunan mai gida ake rubutawa, alhali a gidajen haya na zango ƙofa ɗaya tana iya ɗauke da iyalai da yawa, kowa da tukunyarsa. Bazawara da ke ɗakin ƙurya sai a tsallake ta.

Roƙona ga iyayenmu sarakunan zango da masu unguwanni da limamai, Allah Ya ƙara muku lafiya: kafin ruwan Yuni, kowane masallaci ya zauna da magajiya da shugabannin samari a lissafa masu rauni na layinsa. Kowane tsoho a haɗa shi da matasa biyu da suka san ƙofarsa, ya san su, su san shi, kuma a sanar da kowa makaranta ko benen da za a nufa. Maƙwabcinmu Kirista da ɗan haya baƙo su ma a sa su, don ruwa ɗaya ke shiga ɗakunanmu. Daga kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a a ware wani abu na magani da jarin matan da suka yi asara.

Sunayen nan kuwa kada a watsa su a WhatsApp. Rashin lafiyar mutum da talaucinsa sirrinsa ne. Su zauna a hannun magajiya da liman, a riƙa sabunta su duk farkon damina, tunda masu haya suna tashi, wasu suna shigowa.