Gahawar da Ta Tsayar da Surukina Dare

Ƙanin matata direban babbar mota ne, yakan kai har Gembu, can saman tsaunin Mambila a Taraba, inda sanyi ya sa kofi ke yi. Farkon hunturu ya sauke mini kusan rabin tiya na ɗanyen kofi a gidana da ke Gusau. 'Ya'yan kore-kore, ba ƙanshi ko na sisin kwabo. Uwargida ta leƙa ledar ta ce wannan ai wake ne da damina ta yi wa rowa. Ni kuwa da na taɓa kurɓar gahawa da dabino a Makka, sai na naɗa wa kaina rawanin malamin abin.

Na ɗora kaskon suyar gyaɗa, na fifita gawayi ya yi jajir, na antaya rabin kofin. Ashe shi wuta matsakaiciya yake so, kuma kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba tsayawa kamar minti 10 zuwa 12, har a ji yana ƙas-ƙas irin na gugguru. Daga nan a ƙara minti ɗaya ko biyu, a juye a faifai a sheƙe, ƙaiƙayin ya fita, ya huce da wuri. Nawa cikin minti huɗu bayansa ya koma gawayi, cikinsa ɗanye shar. Hayaƙin da ya turnuƙe gidan ya sa maƙwabcina turo yara biyu da bokitan ruwa.

Da na jawo turmi, uwargida ta ce, "Malam, jiya hwa na daka yaji da daddawa cikinai." Na ce ai an wanke. Ban san cewa kofi ɓarawon wari ba ne, duk abin da ya raɓa sai ya kwashe. Na kirɓa shi ya yi laushi kamar garin tuwo, har da tankaɗe don a san na iya. Na ɗebo ruwan rijiyarmu mai zartsi, na zuba gari ludayi biyu a butar shayi, na bar shi yana ɓararraka minti 20, kamar mai dafa sassaƙen maganin shawara.

Ana cikin haka aka yi sallama. Surukina ne daga Ƙaura Namoda, bayan la'asar sakaliya. Na shimfiɗa masa darduma, na durƙusa na miƙa kofi, na ce, "Baba, ku ɗanɗana, gahawa ce irin ta ƙasa mai tsarki."

Ya kurɓa. Ya yi shiru. Ya yi atishawa uku a jere, idanunsa suka kawo ruwa. Can ya ce, "Wanga magani, na basir na ko na shawara?" Amma dattijo ne mai kara, ya rufe ido ya shanye tas. Ni kuma da na ga kofi wayam, na ɗauka daɗi ya ji, na sake cika masa.

Sinadarin kofi mai hana barci yakan yi awa biyar rabinsa bai bar jikin mutum ba, balle wanda aka dafa ludayi biyu. Ƙarfe uku na dare ina jin takunsa a zaure. Da asuba ya ce mini tun yana saurayi bai yi nafila irin ta daren nan ba, har ya yi wa kakannin kakanninsa addu'a, barci bai zo ba.

Sauran rabin na bi shi a hankali, kuma sai a gwaji na biyar na gane kansa. Bayan suya a bar shi kwana biyu a kwalba mai murfi, iskar da ke cikinsa ta ragu, kada kuma a ajiye shi kusa da kayan miya. Na sayi ƙaramin turmi nasa shi kaɗai. Daka kuwa tsaki-tsaki, ba gari ba, domin mai laushi yana sakin ɗacinsa duka, ya kuma bi ta mataci ya zauna a gindin kofi kamar laka. Awo shi ne giram 15, wato cokalin cin abinci uku a shafe, ga ruwa mililita 250, rabin ledar fiya wata ke nan. Ruwan zartsi na kashe ɗanɗano, na daina. In ruwa ya tafasa a sauke, a jira minti ɗaya zafin ya ɗan sauka. A zuba kaɗan ya jiƙa garin, za a ga kumfa ta taso, bayan daƙiƙa 30 a ƙarasa zubawa, a rufe, minti huɗu cif, a tace da sabon ƙyalle mai tsabta. In ya yi ɗaci, ya daɗe a ruwa ko dakan ya yi laushi. In ya yi tsami, suyar ba ta kai ba ko tsakin ya yi girma.

Yanzu gahawata ko baƙo na kai wa ba na jin kunya. Sai dai babban turmi ya riƙe abin a ransa: mako uku miyar kukar gidanmu tana ƙanshin kofi, uwargida tana harara ta duk loma.

Shekaranjiya kuma Baba ya aiko jikansa daga Ƙaura. Wai goman ƙarshe na azumi na tafe, a haɗa masa maganin nan na tahajjud. Na auna masa sabon haɗina mai kyau, yaron ya shinshina ya girgiza kai, ya ce Baba ya ja masa kunne, mai yajin nan yake so.